Lou Groza: Mutumin da ya mayar da bugun ƙwallo da yatsan ƙafa sana'a a Amurka

A ranar 24 ga watan Disamban 1950, saura daƙiƙa 28 a tashi daga wasan ƙarshe na gasar zari-ruga irin na Amurka, ƙungiyar Los Angeles Rams tana gaban Cleveland Browns da maki ɗaya tak, 28 da 27.

Filin wasan na birnin Cleveland ya daskare saboda sanyi, ga iska tana kaɗowa daga tafkin Erie. 'Yan kallo kusan 30,000 suka zuba wa mutum ɗaya ido, wani ƙaton matashi ɗan shekara 26 mai suna Lou Groza.

Ya taka, ya daki ƙwallon da kan takalminsa daga nisan yadi 16, ta bi ta tsakanin turaku ta wuce. Browns ta yi nasara da ci 30 da 28, ta ɗauki kofi a shekararta ta farko a gasar NFL.

Groza ya rasu tun shekarar 2000, amma har yau idan ana maganar masu bugun turaku a Amurka da sunansa ake farawa. Shi ne ya nuna wa masu horar da 'yan wasa cewa ƙafar mutum ɗaya tana iya ciyo kofi. Sai dai ƙofar da ya buɗe, ta nan wasu suka shigo da salon da ya ture nasa.

Yadda wasan yake

Wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ba shi ne wanda muka sani ba. Ya fi kama da zari-ruga. Kowane ɓangare 'yan wasa 11 ne, ƙwallon kuma doguwa ce mai tsini a kai biyu, yawanci da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa wa abokin wasa.

Ana bai wa ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba da yadi 10. Idan ta kai ƙwallon ƙarshen filin abokan hamayya ta samu maki shida, sannan a ba ta bugu ɗaya na ƙarin maki guda.

Idan kuwa hanya ta toshe, ƙungiya tana iya zaɓar ta buga ƙwallon da ƙafa ta tsakanin turaku biyu, wanda ke kawo maki uku. Babu mai tsaron gida. Abin da ake so shi ne ƙwallon ta haye saman sandar da ke gicciye, mai tsayin ƙafa 10 daga ƙasa, ta kuma bi tsakanin turakun da ratarsu ƙafa 18 da rabi ce.

Mutum uku ne ke wannan aiki. Na farko ya cillo ƙwallon baya ta tsakanin ƙafafunsa. Na biyu, wanda ke durƙushe kimanin yadi bakwai a baya, ya cafe ya tsayar da ita a kan tsininta. Na uku ya buga. Duk wannan sai an gama shi cikin ƙasa da daƙiƙa biyu, domin ƙattin ɗaya ɓangaren suna tahowa a guje hannuwa a sama don su tare.

Kafin zamanin Groza, ba a ɗauki wannan bugu da muhimmanci ba. A shekarun 1920 'yan wasa kan saki ƙwallon ne ta taɓa ƙasa sannan su daka. Da aka ƙara wa ƙwallon tsini a 1934 don jifa ya yi sauƙi, sai ta daina tashi daidai idan ta taɓa ƙasa, wannan salo ya fara ɓacewa. Ƙungiyoyi suka koma neman duk wanda ke da ƙarfin ƙafa a cikinsu ya gwada sa'a idan dabara ta ƙare.

Ɗan baƙin haure

An haifi Louis Roy Groza ranar 25 ga Janairun 1924 a Martins Ferry, wani ƙaramin garin masana'antu a bakin kogin Ohio. Iyayensa baƙi ne da suka yi ƙaura daga yankin Transylvania na gabashin Turai, kuma mashaya suke gudanarwa a garin.

Su huɗu ne maza a gidan, dukkansu ƙarfafa. Yayansa Frank ne ya koya masa bugun ƙwallo. Da yake babu turaku a unguwa, wayoyin tarho da suka ratsa saman titi su ne ma'auninsa: ya kafa ƙwallo a ƙasa, ya daka ta haye waya, ya je ya ɗauko ya sake.

A makarantar sakandare ya yi fice a wasa uku, zari-ruga da ƙwallon kwando da ƙwallon gora. Yana cikin tawagar makarantar da ta lashe gasar ƙwallon kwando ta Jihar Ohio a 1941.

Ƙanensa Alex ma ya yi suna a ƙwallon kwando, har ya ci lambar zinare da tawagar Amurka a gasar Olamfik ta Landan a 1948. Amma a 1951 aka dakatar da shi har abada daga gasar NBA, bayan an bankaɗo badaƙalar karɓar kuɗi daga 'yan caca tun yana jami'a. Lou dai ya yi shekara 21 yana wasa sunansa bai ɓaci ba.

Kwantiragi a fagen yaƙi

A 1942 Groza ya shiga Jami'ar Jihar Ohio, inda ya buga wasa uku kacal a tawagar sababbin ɗalibai. A nan ne babban kocin jami'ar, Paul Brown, ya ga yadda yake bugu, abin ya tsaya masa a rai.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse karatun. A 1943 ya shiga soja, aka horar da shi a matsayin mai taimaka wa likitocin tiyata. Ya yi aiki da runduna ta 96 ta sojojin ƙasa a tsibirin Leyte na ƙasar Filifin, sannan a Okinawa, inda aka gwabza ɗaya daga cikin yaƙe-yaƙe mafiya muni na yankin tekun Fasifik.

Yana can ne saƙo ya iso masa daga Paul Brown, wanda a lokacin yake haɗa sabuwar ƙungiya a Cleveland. A cikin ƙunshin akwai ƙwallaye da takardar kwantiragi. Groza ya sa hannu a 1945, ya ci gaba da atisaye duk lokacin da ya samu sarari, har aka sallame shi a 1946.

Karatun ma bai bar shi ba. Yana wasa yana komawa jami'a idan an tafi hutu, har ya kammala digiri a fannin kasuwanci a 1949.

Browns ta fara ne a wata sabuwar gasa mai suna AAFC, kishiyar NFL. A tawagar akwai Otto Graham mai jefa ƙwallo, da Marion Motley da Bill Willis, baƙaƙen fata biyu da ke cikin waɗanda suka karya shingen wariyar launin fata a wasan a 1946.

A kakar farko Groza ya ci bugun turaku 13, ya kuma fi kowa yawan maki a gasar da 84. Marubuta wasanni suka laƙaba masa suna The Toe, wato Yatsan Ƙafa, sunan da ya bi shi har kabari. A 1948 ya ci wani bugu daga yadi 53, nisan da a lokacin mutane ba sa ma tunanin a gwada.

Browns ta lashe gasar AAFC sau huɗu a jere, daga 1946 zuwa 1949, kafin gasar ta rushe a shigar da ƙungiyar cikin NFL.

Dabarar miƙaƙƙen layi

A ƙwallon ƙafar da muka saba, duka da kan yatsu aikin ɗan koyo ne, koci ma faɗa yake yi idan ya gani. Groza kuwa da wannan ya ci abinci, domin ya mayar da shi ilimi mai ƙa'ida.

Yakan tsaya a bayan ƙwallon sak, shi da ita da tsakiyar turaku a kan layi ɗaya. Sai ya yi gajeren taku, ya biyo da dogo, ya dasa ƙafar hagu a gefen ƙwallon, ɗan baya kaɗan.

Ƙafar dama tana tafiya ne gaba kai-tsaye kamar lilo. Idon sawu a ƙage yake ba ya lanƙwasa, yatsu a ɗage sama, duka kuma yana sauka ƙasa kaɗan da tsakiyar ƙwallon don ta tashi da wuri ta tsallake hannuwan masu tarewa.

Takalmin wannan ƙafa na musamman ne, gabansa a shafe kuma da tauri, ba mai zagaye ba. Hakan yana ƙara faɗin wurin da ke taɓa ƙwallon, ya rage yiwuwar ta zame hagu ko dama.

Babbar ƙa'ida ita ce kai a sunkuye. Mai bugu ba ya ɗaga ido ya duba turaku sai ƙwallon ta tafi, domin ɗaga kai yana jan kafaɗa baya, ƙafa ta kauce daga layi. Bayan duka kuma ƙafar ta ci gaba da tafiya sama ta nufi inda ake so ƙwallon ta bi.

Tun da komai ya dogara ga layin nan, Groza ya nemi hanyar ganinsa da ido. Da farko yakan ja layi a ƙasa da ƙusoshin takalminsa. Daga baya ya riƙa ajiye naɗin salatif a cikin hular kwanonsa, idan za a yi bugu ya warware shi a ƙasa ya bi ta kansa.

Abin ya yi tasiri har hukumar NFL ta kafa doka a shekarun 1950 da ta hana amfani da duk wani abin taimako irin wannan. Har yau ana kiran dokar da sunan Lou Groza. An cire salatif, amma layin ya riga ya zauna masa a ƙafa.

Shekarar da aka daina raina su

Da Browns ta shiga NFL a 1950, tsofaffin ƙungiyoyin sun ɗauke ta zakaran ƙaramar gasa kawai. A wasan farko ta lallasa mai riƙe da kofi, Philadelphia Eagles, da ci 35 da 10.

A wannan kaka Groza ya ci bugun turaku 13, ya karya tarihin 12 da Paddy Driscoll ya kafa tun 1926. A wasan raba-gardama da New York Giants, a kan daskararren fili, babu ƙungiyar da ta iya kai ƙwallo ƙarshen fili. Bugu biyu na Groza ne suka ba da shida daga makin Browns, aka tashi 8 da 3.

Wasan ƙarshe da Rams yana da nasa zafin, domin asalin ƙungiyar ta Cleveland ce, ta bar garin ta koma Los Angeles a 1946.

Makin nan ɗaya da ya raba su a ƙarshe ya samo asali ne tun kafin hutun rabin lokaci, lokacin da ƙwallon ta suɓuce wa mai riƙewa a wani bugun ƙarin maki, Groza bai ma samu ya taɓa ta ba. Da ya rage ƙasa da minti biyu, Otto Graham ya ja ƙungiyar daga nata ɓangaren har kusa da turakun Rams.

Yadi 16 ba wani nisa ba ne, yadi huɗu kawai ya ɗara wurin bugun fenareti. Amma duk wanda ya taɓa ganin gwani ya ɓarar da fenareti a wasan ƙarshe ya san ba nisa ke kayar da mutum ba. Groza ya sunkuyar da kai, ya bi layinsa.

Daga nan ya ci gaba da karya tarihin kansa. Ya ci 19 a 1952. A 1953 ya ci 23 daga cikin 26 da ya gwada, wato sama da kashi 88 cikin 100, a zamanin da yawancin masu bugu ba sa cin rabin abin da suka gwada.

Wannan ya sauya lissafin masu horarwa. Paul Brown ya san da zarar ƙungiyarsa ta tsallake tsakiyar fili ta ɗan ƙara gaba, maki uku sun kusa shiga aljihu. Sauran ƙungiyoyi suka ga ba makawa su ma su nemo nasu gwanin.

Ba bugu kaɗai ba

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne Groza bai ɗauki kansa mai bugu kawai ba. Daga 1948 shi ne mai tsaron gefen hagu a layin gaba, inda aikinsa ya kasance tare ƙattin da ke neman kayar da mai jefa ƙwallo da kuma buɗe wa masu gudu hanya.

Tsayinsa ya kai mita 1.9, nauyinsa ya haura kilo 100. Sai ya gama gwabza ƙirji da abokin hamayya, numfashi bai dawo ba, ya ja baya ya yi bugun da ke buƙatar natsuwa. Ya tare wa Otto Graham, ya kuma buɗe wa shahararren ɗan gudun nan Jim Brown hanya daga 1957.

Sau tara ana zaɓarsa a wasan taurarin NFL. A 1954 mujallar Sporting News ta ba shi gwarzon ɗan wasan shekara. Browns ta sake ɗaukar kofi a 1954 da 1955.

Ciwon baya ya hana shi wasa a 1960, ya koma sana'ar inshora da nemo wa ƙungiya sababbin 'yan wasa. A 1961 ya dawo fili yana da shekara 37, a wannan karon don bugu kawai. Dawowar tasa ta ƙara tabbatar da cewa ƙungiya tana iya ware gurbi ɗaya ta biya mutum albashi saboda ƙafarsa.

A wasan ƙarshe na 1964, an je hutun rabin lokaci babu ci tsakanin Browns da Baltimore Colts. Bugun Groza ne ya buɗe ci, aka tashi 27 da nema. Kofinsa na takwas ke nan, kuma har yau shi ne na ƙarshe da Browns ta ɗauka a NFL.

Ya yi ritaya bayan kakar 1967 yana dab da cika shekara 44, shi ne na ƙarshe da ya rage daga tawagar 1946. Jimillar makinsa a gasa biyun 1,608 ne.

Salon da ya ture nasa

A shekarar da Groza ya ɗauki kofinsa na ƙarshe, wani matashi mai suna Pete Gogolak ya fara wasa a Buffalo Bills. An haife shi a Budapest, iyayensa suka gudo Amurka bayan boren ƙasar Hungary na 1956. Ya tashi ne da ƙwallon ƙafa irin tamu.

Gogolak bai tsaya a bayan ƙwallo sak ba. Daga gefe yake tahowa, ya dake ta da bayan ƙafa, wajen igiyar takalmi, kamar mai bugun tazara. Da farko an yi masa kallon mai abin dariya, daga baya aka ga amfanin.

Mai tahowa daga gefe yana murɗa ƙugu gaba ɗaya, don haka ƙafarsa ta fi gudu lokacin da ta isa ƙwallon. Bayan ƙafa kuma ya fi kan yatsu faɗi, ƙaramin kuskure ba ya kai ƙwallon daji. Ba ya kuma buƙatar jiki irin na Groza kafin ya aika ta nesa.

Nan da nan ƙungiyoyi suka bazama neman 'yan ƙwallon ƙafa. Jan Stenerud ya zo daga Norway, Garo Yepremian daga Cyprus. Har 'yan Najeriya sun shiga sahu. Obed Ariri da Donald Igwebuike, waɗanda ƙwallon ƙafa ce ta kai su Jami'ar Clemson, sun bugawa Tampa Bay Buccaneers, Ariri a 1984, Igwebuike daga 1985.

Tsohon salon bai mutu nan take ba. A 1970 Tom Dempsey, wanda aka haifa ba shi da yatsun ƙafar dama, ya ci bugu daga yadi 63 da takalmi mai shafaffen gaba. A 1974, da aka ga bugu ya fara yawa, NFL ta janye turaku yadi 10 baya, daga layin ci zuwa ƙarshen fili.

Mark Moseley ne babban gwani na ƙarshe a salon kan yatsu. Ya zama gwarzon NFL a 1982, ya kuma kammala wasa a kakar 1986 sanye da rigar Cleveland Browns, ƙungiyar da Groza ya yi wa wasa tsawon rayuwarsa.

Idan aka duba alƙaluma, Groza ya ci sama da rabin bugunsa ne da kaɗan a tsawon shekara 21. Masu bugu na yanzu suna cin sama da kashi 80 cikin 100, kuma Justin Tucker ya ci ɗaya daga yadi 66 a 2021. Sai dai su bugu kaɗai ne aikinsu, da kocinsu na musamman da mai cillo ƙwallo na musamman, a filaye masu kyau. Wannan gata kuwa sai da wani ya fara nuna cewa aikin ya cancanci a kashe masa kuɗi.

Ƙarshen rayuwa

Groza ya zauna a Berea, kusa da Cleveland, da matarsa Jackie wadda ya aura a 1950, suka haifi 'ya'ya huɗu. Ya ci gaba da sana'ar inshora, yana kuma leƙa sansanin atisayen Browns yana bai wa matasan masu bugu shawara.

A 1974 aka shigar da shi zauren karrama gwanayen wasan da ke Canton a Jihar Ohio. Browns ta ajiye lambar rigarsa, 76, babu wanda zai sake sa ta.

Ya ga lokacin da mai ƙungiyar ya kwashe 'yan wasa ya koma Baltimore bayan kakar 1995, ya kuma ga dawowar Browns a 1999. Ya rasu sakamakon bugun zuciya ranar 29 ga Nuwamban 2000, yana da shekara 76.

Hedikwatar Browns a yau tana lamba 76, titin Lou Groza, a garin Berea. Tun 1992 kuma ake ba da kyautar Lou Groza duk shekara ga ɗalibin da ya fi iya bugun turaku a jami'o'in Amurka. Matasan da ke karɓarta a yanzu duk daga gefe suke tahowa, irin salon Gogolak.